Alƙalan tanis a Minna na buƙatar inuwa ɗaya

A 'yan shekarun nan an yi ta muhawara a duniyar wasanni kan makomar alƙalan tanis. Gasar Ostireliya ta daina amfani da alƙalan layi tun 2021, sannan a 2025 gasar Wimbledon ta Ingila ta bi sahu, ta miƙa wa na'ura aikin da mutane suka shafe shekara 147 suna yi. Wanda ke kallon waɗannan gasanni a talabijin zai iya ɗauka cewa zamanin alƙali ya wuce. A Najeriya lamarin ba haka yake ba. Na'urar da ke tantance inda ƙwallo ya faɗi tana buƙatar kyamarori masu yawa, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikatan da suka ƙware. Filayen Minna da Kaduna da Kano za su daɗe suna dogaro da idon mutum da amanarsa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: wa ke horar da wannan mutum, wa ke sa masa ido, wa kuma ke tsaya masa idan an zalunce shi?

Tanis wasa ne da ke cin alƙalai da yawa. Akwai alƙalin kujera mai ƙirga maki da tsawatarwa, akwai alƙalan layi, akwai babban alƙalin gasa da ke fitar da jadawali kuma yake da magana ta ƙarshe kan fassarar doka. Dokar kanta tana da tsauri. Ƙwallon da ya taɓa layi ko da da gefensa ne, ya shiga. Daƙiƙa 25 ake ba ɗan wasa tsakanin maki da maki, daƙiƙa 90 kuma idan za a sauya ɓangare. Inda babu alƙali, kowane ɗan wasa shi ke yanke hukunci a ɓangarensa, kuma a nan ne wasan yara ke rikiɗewa ya zama cacar baki tsakanin iyaye da masu horarwa. Yaron da aka ƙwace wa nasara sau biyu ko uku yakan ajiye raket ya kama gabansa.

Minna ba baƙuwar manyan wasanni ba ce. Ita ta karɓi baƙuncin wasannin ma'aikatan gwamnati na FEPSGA a 2023, tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da Kwalejin Ilimi ta jiha, kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce ta hanyar Suleja tsakaninta da cibiyar tanis ta ƙasa da ke filin wasa na Moshood Abiola a Abuja. Unguwanni irin su Maitumbi, da ke kan hanyar Gwada da Shiroro, cike suke da matasa masu ilimi da ke neman abin yi, da malaman motsa jiki na makarantun sakandare. Cikinsu ne ya kamata alƙalan gobe su fito. Amma mutum ɗaya, komai sha'awarsa, ba zai iya kai kansa ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dalili na farko shi ne yadda aka gina tsanin aikin. Hukumar tanis ta duniya tana da matakai: ana farawa da shaidar ƙasa, sai farar lamba, sannan lambobin tagulla da azurfa da zinariya ga alƙalan kujera. Ba a tsallake mataki, kuma mai neman shiga makarantar horon sai ya bi ta hannun hukumar tanis ta ƙasarsa, da shaidar wasannin da ya yi wa alƙalanci. Alƙalin da ya yi shekaru yana aiki a Minna ba tare da an rubuta wasanninsa ba, a takarda bai yi komai ba. Ƙungiyar gida ce za ta riƙe wannan rajista, ta tura sunaye ga Hukumar Tanis ta Najeriya, ta kuma nemi a ba mambobinta gurbi a gasanni irin su gasar Dala ta Kano da gasar Babban Bankin Najeriya.

Dalili na biyu shi ne amana. Caca ta intanet ta shiga kowane lungu, kuma tanis na cikin wasannin da ta fi addaba, domin mutum ɗaya ya isa ya karkatar da sakamako. Hukumar ITIA, da ta karɓi aikin yaƙi da maguɗi a tanis a 2021, ta dakatar da alƙalai a ƙasashe daban-daban bisa laifin wasa da makin da suke shigarwa a na'ura don amfanin 'yan caca. Akasarin irin wannan ɓarna a ƙananan gasanni take faruwa, inda alawus ba ya da yawa kuma ido ba ya kai wa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyar da ke da ƙa'idar ɗa'a, da kwamitin ladabtarwa, da tsarin raba aiki bi da bi, tana toshe wannan tsaga tun kafin ta faɗaɗa.

Dalili na uku shi ne haƙƙi. Alƙali na wuni a rana, wani lokaci a kammala gasa a watse bai ga kuɗinsa ba. Idan shi kaɗai ne, ko dai ya haƙura ko a daina gayyatarsa. Idan ƙungiya ce ta sa hannu da masu shirya gasa kan adadin alawus da ranar biya, magana ta zama ta yarjejeniya. A Birtaniya akwai ƙungiyar alƙalan tanis mai suna ABTO, a gida kuma alƙalan ƙwallon ƙafa sun daɗe da ƙungiyarsu ta ƙasa mai rassa a jihohi. Ba sabon abu ake nema ba.

Za a iya cewa tanis wasan masu hali ne, kuma jihar da ke fama da 'yan bindiga a Shiroro da Munya da Rafi tana da abin da ya fi wannan muhimmanci. Gaskiya ne tsaro na gaba da komai. Sai dai abin da ake magana a kai ba ya buƙatar kwangila ko gini. Kundin tsarin mulki ne, da rajista a Hukumar CAC, da asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, da bita ko sau biyu a shekara. Haɗarin da ya fi girma daga cikin gida yake: ƙungiya ta zama mallakin mutum uku, su riƙa raba gasanni tsakaninsu da yaransu. Maganin wannan shi ne wa'adin shugabanci bayyananne, da karanta lissafin kuɗi a gaban mambobi duk shekara, da buɗe ƙofa ga mata, domin akwai iyaye da yawa da hankalinsu zai fi kwanciya idan mace ce ke kan kujera a wasan 'ya'yansu mata.

Wannan jarida na kira ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, da aka maido a 2024 ƙarƙashin Shehu Dikko, da ta sanya horon alƙalai cikin sharuɗɗan tallafin da take ba hukumomin wasanni. Hukumar Tanis ta Najeriya ta kai bitar matakin farko Minna maimakon jiran masu kuɗin mota su zo Abuja. Gwamnatin Neja ta ba da ɗaki da fili. Ma'aikatan tarayya da ke buga tanis da yamma, waɗanda da yawansu sun san rubuta kundi da tsara kasafi, su ba da wannan ilimi kyauta. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, Sadiq Abdullahi ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1988. Duk wanda zai gaje su daga Maitumbi zai fara ne a ƙaramin fili, kuma yana da haƙƙin ya tarar da alƙalin da ya san doka yake kuma tsoron karya ta.