Jinginar da Ke Cikin Wayarka

Sharhinmu na yau a kan manhajojin ba da rance ne, waɗannan da tallarsu ke faɗo wa mutum yana tsaka da kallon bidiyo a waya: kuɗi cikin 'yan mintoci, babu jingina, babu mai tsaya maka, babu bin layi a banki. Ba zancen kuɗin ruwansu za mu yi ba, wannan malamai sun yi kuma suna kan yi. Abin da ya ɗauki hankalinmu shi ne abin da suke kwashewa daga wayar mutum tun kafin su tura masa ko sisi.

Duk wanda ya san kasuwa ya san ba a ba da kaya bashi haka siddan. A Kantin Kwari, in baƙo ya zo daga Agadez ko Maiduguri yana son a ba shi dilar atamfa ya biya in ya sayar, sai wani sananne ya tako da ƙafarsa ya ce da bakinsa, na tsaya masa. To shi kamfanin da bai taɓa ganin fuskarka ba, bai san unguwarku ba, me ya riƙe da har ya saki kuɗinsa? Ya riƙe sunaye da lambobin mutanen da ke cikin wayarka. Jinginar ke nan.

Ga yadda abin yake tafiya. Da ka sauke manhajar, tun ba ka ga nawa za a ba ka ba, sai tambayoyi su fara fitowa bi da bi, da Turanci. Ka yarda ta duba lambobin da ka adana? Ka yarda ta karanta saƙonninka? Hotuna fa, da kyamara, da wurin da kake? In ka ƙi ɗaya, ta tsaya cak. Daga nan ta nemi lambar banki ta BVN, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da hoton fuskarka kana riƙe da katin shaida, da lambar katin cire kuɗi. Kowanne da amfanin da za a yi da shi. A cikin saƙonninka akwai na banki, don haka kamfanin ya san ranar da albashi ke shiga, ya san nawa ne, ya kuma san ranar da yake ƙarewa. Ya san ko wani kamfanin na binka, domin saƙon tunatarwarsu na nan ba ka goge ba. Inda waya take kwana kullum, nan ne gida; inda take wuni, nan ne wurin neman abinci. Su kuwa lambobin, mu da kanmu muka rage musu aiki, tunda mu muka rubuta Baba, Umma, Oga, Liman, Surukina, Uwargida.

A kuma lura, manhajar ba leƙe take yi ta wuce ba. Kwafa take yi ta tura rumbun kamfanin. Shi ya sa wanda ya karɓi kuɗi ya goge ta daga wayarsa, ya canja layi, yana ganin ya sha, bai yi komai ba. Lambar surukinsa tana can.

Ranar da wa'adi ya cika, wanda sau da yawa bai wuce mako ɗaya ko biyu ba, sai a fara kiran mai bashi. In bai biya ba, sai a koma kan mutanensa. Saƙo ya je wa ogansa cewa wane ɗan damfara ne, ana nemansa ruwa a jallo. Wani ya je wa abokin karatunsa da suka rabu shekara goma, cewa wane ya sa ka a matsayin mai tsaya masa, ka biya ko ka sa ya biya. A ɗauki hoton nan da ya ɗauka riƙe da katin shaida, a rubuta ɓarawo a ƙasa, a raba. Har an sha ba da rahoton waɗanda aka haɗa wa sanarwar rasuwa suna raye, aka tura wa danginsu. Duk a kan 'yan dubbai. Masu wannan sana'a sun gane abin da kowa ya sani a ƙasar nan, cewa mutum ya gwammace ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe da a tona masa asiri a gaban surukai.

Za ka ji wasu suna cewa ai shi ya jawo wa kansa, wa ya aike shi, kuma da hannunsa ya danna ya amince. Babu musu, wanda ya ci bashi ya biya, wannan ba abin wasa ba ne a addini ko a al'ada. Amma mu bar mai bashin a gefe tukuna. Shi limamin unguwa da aka tura wa zagi da asuba, yaushe ya amince? Ita ƙanwar mahaifiyarsa da ke ƙauye, da ƙaramar wayarta ta kira kawai, wace manhaja ta sauke? Ta ba ɗan 'yar'uwarta lambarta ne don a gaisa, a sanar da ita biki ko rashin lafiya. Amana ce ta ba shi, kuma ba shi da ikon ya miƙa ta ga wani kamfani, shi ma kamfanin ba shi da ikon ya karɓa. A ganina nan ne laifin ya fi girma, kuma nan ne aka fi yin shiru a kai. Mutum ɗaya ya danna yatsa, ɗaruruwan mutane sun shiga rumbun da ba su san da shi ba.

To ina hukuma? Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanan jama'a, kuma da su ta ci tarar kamfanin Soko Lending, mai manhajar Sokoloan, naira miliyan 10 a watan Agustan 2021, saboda irin wannan tura saƙonni ga mutanen da ba ruwansu da bashin. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Ikeja da ke Legas, daga baya ta wajabta wa duk mai ba da rance ta waya ya yi rajista. Kamfanin Google kuma, daga ƙarshen watan Mayun 2023, ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa na Play Store taɓa lambobin waya da hotuna, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da hanin ya shafa. Sai masu taurin kai suka zagaya ta baya. Maimakon rumbun Google, sai su turo maka mahaɗi ta WhatsApp ko ta saƙon tes, ka sauke manhajar kai tsaye, inda babu mai gadi.

Babban sauyin ya zo a watan Yunin 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukuma mai zaman kanta, NDPC, ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Dokar ta ce a karɓi bayanin mutum don wata manufa bayyananniya, kada a wuce abin da manufar ke buƙata, kada kuma a juya shi zuwa wani aiki dabam. Ta ce yin shiru ba amincewa ba ne, kuma wanda ya amince yana iya janyewa. Kana da ikon ka tambayi kamfani me da me yake riƙe da shi a kanka, ka sa ya gyara kuskure, ko ka nemi ya goge. In aka yi masa kutse har bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, dole ya sanar da hukumar cikin awa 72. Manyan masu tara bayanai da suka saɓa, tararsu na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

An kuwa ga alamar dokokin nan suna da haƙora. A watan Agustan 2024 NDPC ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya ce bai karya doka ba. Wata guda kafin nan FCCPC ta yanka wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta musamman ta tabbatar da ita a watan Afrilun 2025. Sai dai banki yana da gini da allon suna, Meta ma an san inda za a same ta. Shi mai manhajar bayan fage, yau sunansa wannan, gobe ya sake launi da suna, ya ɗauko tsohon rumbun lambobin da ya tara ya ci gaba da cin kasuwarsa.

Akwai kuma wani tanadi a dokar da ya kamata mu nan Arewa mu riƙe da kyau. Ta ce bayanin da kamfani zai yi wa mutum game da abin da zai karɓa da yadda zai yi amfani da shi, ya zama a fili, a taƙaice, mai fahimtuwa, tare da la'akari da irin mutanen da ake nufa. To a faɗa mana, doguwar takardar Turancin lauyoyi, da ƙananan haruffa a fuskar waya, wa aka rubuta wa? Da yawa daga mutanenmu ma ba su suke saita wayarsu ba. A kasuwar waya ta Farm Centre ko a shagon caji ake miƙa wa wani yaro, ya sauke, ya yi ta danna amincewa don ya sallami na gaba. In kamfani ya iya neman kwastoma da Hausa, ya iya gaya masa da Hausa, da murya ma in ta kama, cewa zan kwashe lambobin da ke wayarka. Ina da yaƙinin da za a faɗa haka ƙarara, da yawa sun mayar da wayar aljihu.

Ba kuma ta wannan ƙofa kaɗai bayanai ke zuba ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, ko da yake hukumar katin ɗan ƙasa ta ce ba a fasa rumbunta ba. Mu ma muna taimakawa. Da an ce ana rubuta sunayen tallafi, sai a miƙa NIN da BVN da lambar asusu ga wanda ko sunansa ba a tambaya ba.

Ga wanda manhajar ke wayarsa yanzu, ya shiga saitin waya, sashen izini, ya duba waɗanne manhajoji ne ke iya ganin lambobi da saƙonni, ya cire wa duk wadda ba ta da hujja. Wannan ba zai dawo da abin da aka riga aka kwafa ba, amma zai hana ƙari. Kafin karɓar rance kuma, FCCPC tana wallafa sunayen kamfanonin da ta amince da su, ana iya dubawa.

Shi kuwa wanda aka turo wa saƙon zagi a kan bashin da bai ci ba, kada ya yi saurin gogewa, kada kuma ya tura wa wasu ya zama ya taya su aiki. Ya ɗauki hoton saƙon da lambar da ta turo da ranar. Yana da ikon kai ƙorafi ga NDPC ko FCCPC da sunan kansa, ba da sunan mai bashin ba, domin bayaninsa ne aka ɗauka ba da yardarsa ba. Dokar 2023 ta ba hukumar damar umartar kamfani ya biya wanda aka cutar diyya, ta kuma ba mutum damar zuwa kotu ya nema da kansa. Abin da ya rage wa hukumomin biyu shi ne su buɗe layin da dattijuwar nan ta ƙauye za ta kira ta faɗi kokenta da Hausa, a rubuta, a ba ta lambar ƙorafi, ba sai ta nemi mai cike mata fom a intanet ba.