Wajibi Ne Mai Hawan Jini Ya San Maganin da Yake Sha

Bai wadatar ba mai hawan jini ya san maganinsa da launi kawai, wai "ƙaramar farar ƙwayar nan". Launi da kwali suna sauyawa daga kamfani zuwa kamfani, sunan sinadarin ne kaɗai ke nan daram.

A ɗauki amlodifin, wanda ake rubutawa Amlodipine a jikin kwali. Kamfanin Pfizer ne ya samar da shi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinsa shi ne tare sinadarin kalsiyam daga shiga tsokar bangon jijiyoyin jini, sai jijiyoyin su saki, matsin jinin ya sauka. Galibi babba kan fara da miligram 5 sau ɗaya a rana, iyakarsa 10. Yakan ɗauki kusan mako guda kafin ya daidaita a jiki, don haka garajen yanke masa hukunci kuskure ne.

A ƙasashe masu Faransanci ana sayar da shi da sunan Amlor, a masu Ingilishi kuma Norvasc. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina zai iya haɗa biyun yana zaton magani daban-daban ne, alhali ninka abu guda ya yi. Sakamakon yana iya zama jiri da faɗuwar jini.

Amfaninsa ga 'yan Afirka yana da hujja. Binciken CREOLE na 2019, wanda aka gudanar a ƙasashe 6 ciki har da Kamaru da Nijeriya, ya nuna haɗin magungunan da ke ɗauke da amlodifin ya fi sauke jini a kan wanda babu shi.

Wasu na ganin wannan ilimi na likitoci ne, kuma ɗan sani kan kai mutum ga yi wa kansa magani. Tsoron yana da tushe, sai dai rashin sani ya fi ɓarna. Wanda bai san kumburin idon sawu na cikin illolin amlodifin ba, shi ke jefar da ƙwayar a ɓoye maimakon ya koma wurin likita. Wanda bai san maganin danne ciwon yake yi ba warkarwa ba, shi ke dainawa da ya ji sauƙi, har shanyewar ɓarin jiki ta riske shi.

Rubuta magani aikin likita ne. Sanin sunansa da adadinsa da illolinsa kuwa haƙƙin mai sha ne.