Kafin ka kira makanike, saurari motarka tukuna

Yawancinmu matasa mun iya tuƙi, mun iya ɗaukar bidiyo a kan sitiyari mu ɗora a TikTok. Amma ranar da mota ta ƙi tashi, abu biyu kawai muka sani: "a zo a tura" ko "a kira makanike". A ganina wannan rashin sani yana cin aljihunmu, domin wanda bai san ciwon motarsa ba, duk maganin da aka rubuta masa sai ya saya.

Alhali mota takan faɗi abin da ke damunta tun daga murɗa makulli. In ka murɗa ka ji shiru, ko ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, fitilun gaban direba suna dushewa, to fara da batir. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe. Ya sauka ƙasa da 12, ya yi sanyi. Sau da yawa ma batirin lafiyarsa ƙalau, kansa ne ya saki ko farin gari ya taru a kai. A goge, a ɗaure, shi ke nan. Zafin ƙasarmu yana gajarta ran batir, sanyin hunturu kuma shi ke tona asirinsa da sassafe.

In fitilu na haske sosai amma ƙara ɗaya tak ka ji, zargi ya koma kan kik. Kafin nan dai, in otomatik ce, duba ko giya na kan P. Gwada N ma. Kuma don Allah a daina tara yaran unguwa su tura otomatik, ba ta tashi da turi.

In kuwa injin yana juyawa amma bai kama ba, to mai ne ko wuta. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen tanki: famfon mai yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. Ba ka ji ba? Duba fis ɗinsa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, da yawanmu da jar fitila muke yawo. Famfon nan a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, don haka yawo da ƙarƙaf na kashe shi da wuri. Tsimin lita biyar ya jawo sayen famfo sabo.

Kar kuma ka dage da murɗa makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere, za ka ƙona kik, ka ƙarasa batir.

Wani zai ce, "To ai aikin makanike ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Gaskiya ne, ban ce ka kwance injin ba. Amma wanda ya kira ya ce "Oga, tana juyawa, famfo ne ba ya ƙara" ya rage wa makanike lalube, ya kuma toshe ƙofar canja kayan da lafiyarsu ƙalau. A kan hanya da daddare kuwa, sanin ɗaure kan batir na iya raba ka da kwanan daji.

Saboda haka, samari da 'yan mata, a buɗe bonet yau tun mota na lafiya, a gane batir da akwatin fis. Ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife.