Imuraren: An Ɗora wa Maƙwabci Kayan Gwamnati

Duk babban da ya zo rangadi arewacin Agadas, daga Yamai yake ko daga Faransa, ba ya komawa sai ya yabi zumuncin mutanen daji. Masu haƙuri ne, masu riƙon juna, baƙo ba ya kwana da yunwa a wurinsu. Duk gaskiya ne. Amma wannan yabon yana ƙona mini rai, domin da shi ake toshe bakin mutane kada su tambayi haƙƙinsu.

A je Imuraren a gani, cikin ƙaramar hukumar Dannet, kilomita wajen 80 kudu da Arlit. Tun 1966 Faransawa suka gano yuraniyom a ƙarƙashin wannan makiyaya. A watan Mayun 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin mahaƙar, aka ce kamfanin Areva zai riƙa fitar da tan 5,000 kowace shekara har tsawon shekaru 35. Aka yanke fili, aka shigo da manyan injuna, makiyaya suka ja dabbobinsu gefe. Sai hatsarin nukiliya na Fukushima a 2011 ya karya farashin yuraniyom, a 2014 aka jingine aiki. Samarin da aka ɗauka suka dawo gida hannu rabbana. Wa ya karɓe su? Kawu, da ƙanen uwa, da maƙwabcin da ya raba buhun geronsa biyu.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin rijiyar makiyaya a watan Afrilu ba, bai san abin da nake faɗi ba. Tun asuba ake ɗaura igiya a jikin raƙumi ko jakuna biyu, yaro ya kora su nesa har guga ta fito, babba ya tarbe ta ya juye a kwami. Kowane gida da lokacinsa. Idan mai gida ya kwanta ciwo, ba a tsallake garkensa. Wani zai ja masa, kuma ba ya jiran godiya. Matar da mijinta ya tafi neman zinariya Jado ko Cibarkaten, za a cika mata salka da jarkoki kafin a shayar da raƙuma. Gidan da fari ya cinye wa dabbobi, a ba shi aron akuya mai nono har 'ya'yansa su ga damina. Fulani na da habbanaye, Abzinawa ma na da nasu tsarin aron. Babu takarda, babu sa hannu, kuma ba a cin amana.

Haka in naƙuda ta yi gardama cikin dare. A tashi mai mota, in akwai, a yi karo-karon kuɗin mai, wannan jika biyu, wancan ya ce a rubuta masa ɗan akuya zuwa ranar kasuwa. Tsohuwa ta hau baya ta riƙe kan yarinyar a cinyarta, tana cewa "Sannu 'yata, mun kusa," alhali Arlit na da sauran nisa, kuma hanyar da ake kira ta yuraniyom ramuka sun cinye ta. A yarjejeniyar Mayun 2014 Areva ta ɗauki alkawarin Yuro miliyan 90 domin hanyar Tawa zuwa Arlit, da miliyan 17 domin kwarin Irhazer. A tambayi direbobin da ke kwana a hanyar nan abin da suka gani a ƙarƙashin tayoyinsu.

Nan ne fushina yake. Maƙwabci zai iya ja maka guga, amma ba shi da injin haƙa rijiyar burtsatse. Ba zai shimfiɗa kwalta ba, ba zai yi wa mace tiyata ba, ba shi da na'urar auna ruwan da yake miƙa wa baƙonsa. A Arlit ma kyautar maƙwabtaka sai da ta zama abin tsoro. Shekara da shekaru ƙarafa da tarkacen da suka fito daga mahaƙai suna yawo hannu zuwa hannu, a saya a kasuwa, a ba ɗan'uwa ya yi rufi ko ƙofa. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta yi ta kuka a kai, masu binciken CRIIRAD suka zo a 2003, Greenpeace ta zo a 2009, suka samu turirin yuraniyom a jikin wasu daga cikin kayan. Talaka ya ba maƙwabcinsa abin da ya ɗauka alheri ne. Laifin na wanda ya san abin da ke jikin ƙarfen ne, ya bar shi ya fita ƙofa.

Da aka rufe mahaƙar Cominak a Akokan ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. A ƙasarmu albashi ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. Yana kai shinkafa da shayi da sukari har rugagen da ba su taɓa ganin wutar lantarki ba, duk da kamfanin Sonichar na ƙona gawayin Cirozerin yana haskaka mahaƙai. Ranar da albashin ya yanke, zumuncin da ake yabo ne aka bar wa nauyin, kuma wanda ake jingina da shi shi ma a tafe yake da yunwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na musun an gina 'yan rijiyoyi da azuzuwa nan da can. Amma dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu a mayar wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo arzikin. Wannan haƙƙi ne, kuma magadan gari sun sha kokawa kan jinkirin biyansa.

A watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta karɓe lasisin Imuraren daga Orano, wato Areva a sabon sunansa, a Yunin 2025 ta mayar da kamfanin yuraniyom na Somair mallakar ƙasa. Na yi murna, kuma yanzu babu sauran Bature da za a nuna da yatsa. Kafin a miƙa Imuraren ga kowa, ɗan ƙasa ko baƙo, a zauna da shugabannin makiyayan Dannet. A rubuta rijiya nawa, a ina, wa zai auna ruwan, sau nawa a shekara. A ajiye motar ɗaukar marasa lafiya da man da ba sai an yi karo-karo ba. A liƙa lissafin kashi 15 ɗin a ƙofar ofishin magajin gari, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa da Tamashek da Fulatanci.