Rage Harajin TVA: Shin Telan Bogo Zai Gani A Ƙasa?

Duk lokacin da tsadar rayuwa ta taso, sai ka ji ana cewa gwamnati ta rage harajin TVA a kan sana'o'in hannu, irin su ɗinki, aski, gyaran babur da gyaran takalmi, wai farashi zai sauka, samari su sami aikin yi. Maganar tana da daɗin ji, amma kafin mu tafa, ya kamata mu tambayi waɗanda suka riga mu gwadawa.

Daga shekarar 2000 ƙasashen Tarayyar Turai suka yi gwajin rage wannan haraji a kan masu aski, masu gyaran keke da takalmi da tufafi. Da aka yi lissafi a 2003, rahoton hukumar tarayyar bai ga wata ƙwaƙƙwarar shaida cewa ayyukan yi sun ƙaru ba. A 2009 Faransa ta sauke harajin gidajen cin abinci daga kashi 19.6 zuwa 5.5 cikin ɗari. Farashin kwano bai sauka sosai ba, galibin ribar ta tsaya a aljihun masu gidajen. Zuwa 2014 sai ga harajin ya koma kashi 10.

To, mu dawo gida Kamaru. TVA ta shigo a 1999, kuma tun 2005 take kashi 19.25 cikin ɗari, alhali maƙwabciyarmu Najeriya tana karɓar kashi 7.5 tun 2020. Duk wanda ke fatauci tsakanin Mubi da Garwa, ko Banki da Marwa, ya san wannan tazara a jikinsa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Telan da ke bakin kasuwar Bogo ba ya karɓar TVA daga hannun mai kawo ɗinki. Haka wanzami, haka bakanike, haka mai tura amalanke ranar kasuwar shanu. Manyan kamfanoni masu cinikin miliyoyin sefa da rasit ne doka ta ɗora wa karɓarta. Saboda haka ko an mai da ita sifiri a kan aikin hannu, babban garejin Garwa da otal-otal ne za su amfana. Telanmu kuwa ko anini ba zai gani ba.

Wannan ba yana nufin ba ya biya ba. Yana biya a ɓoye, cikin kuɗin zare da allura da yadi, cikin kayan gyaran babur, cikin katin waya. Babban kamfani yana cire abin da ya biya kafin ya miƙa wa gwamnati saura, shi kuwa ƙaramin mai sana'a ba shi da wannan dama. Ga kuma harajin shekara, ga tikitin rumfa, ga abin da ake bari a shingayen hanya wanda ba a ba da takardarsa.

Don haka muna ganin idan da gaske ake son taimakon talaka, a nan za a sa hannu. A sauƙaƙa haraji a kan keken ɗinki da kayan aiki. A yafe wa yaron da ya gama koyon sana'a harajin shekarun farko, har ya tsaya da ƙafarsa. A liƙa jadawalin abin da kowa zai biya a ƙofar kasuwa, da Faransanci da Fulatanci da Hausa, kuma kowane dala da aka karɓa a ba da rasit.

Mu ma 'yan kasuwa da namu. Idan an yi mana sauƙi, mu yi wa masu saye, kada mu zama kamar masu gidajen abincin Faransa. Shugabannin ƙungiyoyin teloli da makanikai kuma su haɗa kai su kai wannan koke gaban magajin gari da 'yan majalisarmu tun kafin a zauna kan kasafin kuɗin baɗi, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.