Ra'ayinmu: Wa Ke Da Ikon Yafe Diyya?



Duk mai bin hanyar Daura zuwa Kano ta Kazaure, ko ta Mai'adua ranar kasuwa, ya san irin lodin da ake yi wa motoci da irin gudun da ake shararawa. Amma abin da ya fi damunmu yana faruwa ne a wurin zaman gaisuwa. Wakilan direba su zo, baffan mamaci ya ce, "Ƙaddara ce, mun yafe," a sa masa albarka a watse. Ba wanda ya tambayi mai takaba a cikin gida, balle marayu.

Ya 'yan'uwa, imani da ƙaddara wajibi ne, amma ba ya kayar da lamuni. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure. Mai Risala kuwa ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta, kuma a kan wannan malamai suka yi ƙiyasin direban da ya yi sakaci. Diyyar namiji dinari 1,000 ce, kimanin kilo 4 da kwata na zinariya, dangin mai kisan ke biya cikin shekara 3.

Diyya gado ce. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya bar ra'ayinsa da ya ji cewa Manzon Allah (SAW) ya gadar da matar Ashyam daga diyyar mijinta. Baligi na iya sadaka da kasonsa, kuma yana da lada. Kason maraya kuwa ba baffa, ba mai unguwa, ba hakimi da ke da ikon yafe shi. Kyauta da dukiyar wani ba karamci ba ce.

Don haka kada kunya ta hana a karɓi rahoton 'yan sanda da takardar asibiti, a rubuta lambar mota da sunayen shaidu tun ba su watse ba. A nemi takardar inshora, a tabbatar ba ta jabu ba ce. Tun 2023 mai ƙaramar motar gida ke biyan naira 15,000 a shekara domin irin wannan rana. Jihar Katsina tana da kotunan Shari'a tun 2000. In ma sulhu aka zaɓa, a yi shi gaban alƙali, a rubuce, a fitar da kason kowane maraya da sunansa kafin kowa ya sa hannu.