Fansho Ne Ma'aunin Amanar Ubangida

Kusan kowane kamfani a ƙasar nan yana ikirarin cewa ma'aikatansa su ne ƙashin bayansa. Ana faɗin haka a taron ƙarshen shekara, ana raba buhun shinkafa da turmin atamfa idan salla ta zo. Ba na raina wannan alheri, amma a ganina ba shi ne ma'aunin ƙauna ba. Ma'aunin shi ne abin da ubangida ya tanadar wa ma'aikacinsa domin ranar da ƙarfinsa zai ƙare, ranar da ba zai ƙara amfanar kamfanin da komai ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. A Kantin Kwari da sauran kasuwanninmu, attajirin kirki ba ya barin yaronsa ya tsufa a bakin shago. Idan ya yi shekaru yana hidima, sai ya sallame shi da jari, ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya ci ƙuruciyar yaro ya sake shi hannu rabbana kuwa, kasuwa ba ta manta masa. Fansho shi ne wannan sallama a tsarin aikin albashi.

Dokar gyaran fansho ta 2004 ce ta kawo tsarin karo-karo tare da hukumar PenCom mai kula da shi. Dokar 2014 ta ɗaga kason: ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai aiki ya ƙara kashi 10. Wato mai karɓar naira 100,000 a wata, za a zuba masa 18,000 a asusunsa, naira 216,000 ke nan a shekara, ban da ribar juya kuɗin. Asusun mallakarsa ne, yana bin sa duk inda ya koma aiki. Dokar ta kuma wajabta a tura kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, a kuma yi wa ma'aikaci inshorar rai da ta kai aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara.

To ina gizo ke saƙar? Tsofaffin ɗalibaina da ke koyarwa a makarantun kuɗi ko aiki a asibitoci masu zaman kansu sukan kawo mini koke iri biyu. Wasu an riƙe su shekaru a matsayin 'yan wucin gadi don kada a buɗe musu asusu. Wasu kuma ana cire kasonsu kowane wata, amma ba ya isa asusun. Na farko rowa ce. Na biyu cin amana ne tsagwaronsa, domin kuɗin da aka cire ya riga ya zama haƙƙin mai shi.

Na san hujjar masu kamfani: tsadar dizal, haraji, faɗuwar naira. Gaskiya ne. Sai dai su lissafa asarar da suke yi duk lokacin da ƙwararren malami ko ma'aikaciyar jinya ta tafi, aka koma horar da sabon hannu. Mutumin da ya san ana tanadar wa tsufansa ba ya aiki da ƙafa ɗaya a waje.

Shawarata ga matasa masu neman aiki ita ce, kada yawan albashi kaɗai ya ruɗe ku. Ku tambayi tsarin fansho tun ranar ganawa, ku riƙa duba bayanin asusunku a kai a kai, idan kun ga giɓi ku kai ƙara PenCom. Da sanyin safiya ake kama fara. Ubangidan da ya ɓata rai don an yi masa wannan tambaya ya riga ya ba ku amsa.